Muryar da Gwaggo Ta Ara

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. A wannan karon Gwaggo ce ta riga mu, yayar mahaifina, wadda ta yi fiye da rabin rayuwarta a wani gida mai zaure ɗaya a bayan babban asibitin Birnin Kudu. Ta cika wata ranar Laraba da hantsi, a ɗakinta. Ina shagona a Gwaram, ƙafata a kan keken ɗinki, aka kira ni. Ban samu sallar ba. A maƙabarta na cim musu, ana mayar da ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai a zaman makokin ba yawan mutanen ba ne, irinsu ne. Mu dangi mun san juna, muka zauna a tabarmarmu. Sai ga wasu fuskoki da babu wanda ya san ta ina muka haɗa jini da su. Wani dattijo mai kiwon shanu daga Kiyako, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya jingine sandarsa ya yi gaisuwa, sa'annan ya ɗaga riga ya nuna mana wani dogon ɗinki a cikinsa.

"A gidan nan na yi jinyar wannan," in ji shi. Ya sauke rigar, ya nemi wuri ya zauna.

Wata mata daga wajen Gwaram ta shige ciki tana kuka, muna jin ta daga zaure tana tambayar inda za su riƙa sauka yanzu. Maƙwabciyar Gwaggo, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar Kudu da ta tsufa a garin, ta yafa mayafi ta zauna cikin mata tun safe har yamma. Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce wa babban ɗan Gwaggo, "Uwarka ta yi mini wayo. Ta tafi ba mu ji ko yarinyar nan ta karɓo gonar ubanta ba." Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka.

Baƙin da ba su san gidan ba suka ɗauka wata yarinya ce a unguwa. Mu da muka taɓa kwana a gidan mun san yarinyar cikin littafi take.

Ni ba malami ba ne, karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, kuma a gajiye nake rubuta wannan. Amma na ga in ban rubuta ba, nan gaba kaɗan za a ce wata tsohuwa ce mai kirki, a wuce. Gwaggo ta fi ƙarfin wannan kalmar. Wani lokacin ma ba kirkin take nuna maka ba.

Mijinta gadi ya yi a asibitin har ya rasu, shi ya sa suka zauna can. Tun yana raye gidan ya zama masaukin mutanenmu. Duk wanda aka ce ya kawo mara lafiya Birnin Kudu daga Gwaram da ƙauyukanta, ba ya tambayar inda zai kwana. Zai sauka a tasha, ya hau acaɓa, ya ce bayan asibiti. Wani ya zo da ƙullin gero, wani da kaza, wani da hannunsa kawai. Wanda aka sallama amma aka ce ya riƙa zuwa wankin ciwo, wanda ake jiran sakamakon gwajinsa, mai jiran ranar tiyata, duk a tsakar gidan nan suke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

Ba ta yarda a yi maganar ciwo a kan abinci. In ka fara, sai ta janye kwanon daga gabanka.

"Ka gama ba shi labarin fitsarinka tukuna, sai ka ci."

Bayan la'asar kuma sai karatu. Gwaggo ba ta shiga makarantar boko tana yarinya ba. Bayan ta fita takaba ne ta shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurarta. Ta iya karatu, amma a hankali, da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, leɓenta yana motsi kafin sautin ya fito. Littattafanta suna cikin wata tsohuwar kwalla ta kayan aurenta, a ƙarƙashin gado. Littattafan labarai ne irin na kasuwa, waɗanda jikokinta da matan unguwa suka gama da su. Yawancinsu babu bango, suna ƙamshin manja da hayaƙi. Da tsinken tsintsiya take alamar inda aka tsaya. Da yake karatunta na tafiyar hawainiya ne, sai ta miƙa wa duk wanda ya iya a cikin baƙinta, ita kuma ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana tsince shinkafa ko ɓarar gyaɗa, tana zagin mugayen cikin labarin kamar suna jin ta.

Wani ƙanin mijinta, malami ne mai kaifin baki, ya taɓa tarar da ana wannan karatu, ya ɓata fuska.

"Tsohuwa kamarki, maimakon ki riƙe carbi."

"Carbin na nan, Malam," in ji ta. "Asuba tasa ce, magariba tasa ce. La'asar kuwa, in na ƙyale mutanen nan shiru, kowa sai ya fara auna kabarinsa. Zauna ka ji, an kusa kama ɓarawon."

Ya zauna. Ya ce don iskar darbejiya ya zauna.

Nawa zuwan ya faru ne shekarun baya kaɗan, ana gab da azumi. Wata safiya ina sa maɓallin wuyan rigata na ji ya matse. Na taɓa, na ji wani ƙullutu a gefen maƙogwaro, kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Ba ya ciwo. Na ce zai baje. Bai baje ba.

Abin da na yi, abin da tela kaɗai zai yi ne. Na ɗinka wa kaina sababbin riguna masu dogon wuya, na ƙara musu faɗi yadda za su rufe wurin. Da ƙullutun ya ƙaru, na sake ƙara faɗin. Abokan sana'a suka ce na fito da sabon yayi, har wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya kawo shadda ya ce irin wannan wuyan yake so. Na ɗinka masa. Ban gaya wa matata ba, ban gaya wa Inna mahaifiyata ba. Na zama mai faɗa a gida. Yaro ya zubar da koko, in tashi kamar zan cinye shi. Babbar 'yata tana shirin jarrabawa a lokacin, takan zo da littafinta ta ce in yi mata tambayoyi, in ce ta ba ni wuri. A raina ina kallonsu ne ina tunanin wa zai riƙe su, amma abin da ke fita daga bakina tsawa ce.

Ashe matata ta daɗe da gani. Ita ke wanke rigunan, ita ke jin yadda nake haɗiyar tuwo da ƙyar. Ba ta yi mini magana ba, ta san halina. Sai ta buga wa Gwaggo waya.

Wata ranar kasuwa sai ga Gwaggo a ƙofar shagona, da ledar atamfa a hannu. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana.

"Babana, ɗinki na kawo."

Na durƙusa na gaishe ta, na karɓi atamfar. Ta ce in matso. Ta sa yatsa biyu ta ja wuyan rigata ƙasa a gaban yarana na shago da masu jiran kaya.

"Wannan fa? Shi ma kai ka ɗinka?"

Na ce ba komai ba ne, Gwaggo.

"Na ga ba komai ba ne. Har ɗaki ka gina masa. Rufe shagon, bas na jira."

Likitan da ya duba ni mutum ne mai haƙuri. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka soka allura aka ɗebi wani abu daga ƙullutun aka aika Kano. Da sakamakon ya dawo ya ce bai fito fili ba, ba zai iya ce mini ciwon daji ne ba, ba zai iya ce mini ba shi ba ne. Sai an cire an duba. Sa'annan ya gaya mini gaskiya, ya ce jijiyar murya a nan kusa take wucewa. Yawanci lafiya ake gamawa, amma akan samu wanda muryarsa ke dusashewa, wani ta dawo, wani ba ta dawowa yadda take.

Daga nan ban ƙara jin abin da ya ce ba. Wuƙa a maƙogwaro. Ni da na taso ina riƙe wa mahaifina ƙafar rago ranar Sallah, na san abin da wuƙa ke yi a wurin nan. Ga kuma murya. Ni ke jan sallah a masallacin layinmu in liman ba ya nan. Da murya nake ciniki, da ita nake ba masu kaya haƙuri, wanda shi ne rabin sana'ar tela.

Aka sa rana, can bayan Sallah. Kafin nan akwai gwaje-gwaje da maganin da zan riƙa sha, don haka na yi ta kai da kawo tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ga azumi, ga ɗinkin Sallah jibge a shago. In na kwana a gida, Inna ta zo da rubutu da tofi da wani ƙullin sassaƙe da aka ce yana narkar da maƙoƙo. Matata ta bi ni da ido. Ƙaramin ɗana ya hau cinyata ya danna wurin ya ce, "Baba, ƙwallo ka haɗiye?" In na koma gidan Gwaggo, in samu tabarma a ƙarƙashin darbejiya in kwanta in juya wa mutane baya.

Ba ta bar ni ba. La'asar ɗin farko ta jefo mini littafi a kan ƙirji.

"Tashi, Babana. An ce za su iya ɗauke muryar, ko? To ara mini ita kafin su ɗauke."

Mutane suka juyo suna kallonta, don ba a saba yin wasa da irin wannan ba. Ni ma raina ya ɓaci. Amma Gwaggo ce, na tashi na buɗe.

Labarin wani direban babbar mota ne da ya ɗauko shanu zai kai Kudu, tare da yaron motarsa mai shegen ci. Shafukan farko sun yage, ba mu san sunan garinsu ba. Na fara karantawa kamar mai biyan tara. Sai yaron motar ya saci gasasshiyar kazar direba ya ce kura ce ta ɗauka, wani mai karyayyar ƙafa a gefena ya tuntsire da dariya har yana riƙe ƙafar. Gwaggo ta ce, "Ɗan banza, kura a tsakiyar tasha!" Ban san lokacin da na fara canza murya ba, ta direba daban, ta yaron daban. Sai da aka kira magariba na tuna rabona da taɓa wuyana tun la'asar.

Haka muka yi ta yi. Ba zan ce tsoron ya tafi ba, yana nan, da safe shi ke tashe ni. Amma akwai wani yanki na yini da ba nasa ba. In na tafi Gwaram ba a taɓa littafin, ta ce wannan nawa ne, a karanta wani. Har na koma gida wata rana na ce wa 'yata ta kawo littafin jarrabawarta. Ta tsaya tana kallona kamar baƙo.

Ana gobe za a kwantar da ni, komai ya rushe. Da safe an fito da gawar wani daga asibitin, na gan su suna wucewa ta bayan gidan. Ban san shi ba, ban san me ya kashe shi ba, amma na wuni ina ganin kaina a makarar. Da la'asar na karɓi littafin. Motar direban ta lalace a tsakiyar wani daji, ya shiga ƙarƙashinta yana kwance ƙarafa, shanu suna kuka saboda ƙishirwa. Muryata ta riƙa sarƙewa. Na tsaya.

"Ci gaba mana," in ji Gwaggo. "Shanun mutane za su mutu."

Na yi jifa da littafin, ya faɗa kusa da randa. Na ce gobe za a yanka ni ita tana ta shanu. Na ce in labarin ya dame ta ta karanta da kanta, in yatsanta zai kai ta ƙarshen shafi kafin shekara ta zagayo. A gaban baƙinta na faɗa. Na ga hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ba ta ɗago ba.

Na ɗauki jakata na tafi tasha. Na yanke shawara zan koma Gwaram, in sha sassaƙen Inna, in ƙara wa rigunana faɗi, abin da Allah Ya rubuta ya same ni da muryata.

Bas ɗin Gwaram bai cika ba, na shige can baya na zauna. Kwandasta yana ta kiran mutum biyu, mutum biyu. Can sai na ji ya ce, "Sannu Hajiya, a hankali," na ɗaga kai na ga Gwaggo tana hawowa da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta ratsa mutane ta zo ta matse kusa da ni. Littafin yana hannunta, gefensa ya jiƙe.

"Gwaggo, ina za ki?"

"Gwaram. Zan je in taya uwarka zaɓar maka kabari kusa da na ƙanina, tun da ƙafata."

Na ce ta yi wa Allah ta yi shiru. Sai ta ɗaga murya.

"Jama'a, ku ga ɗan ƙanina. Tela ne, yana yanka shaddar mutane kullum ba ya tambayarta ko tana jin tsoro. Gobe likita zai cire masa abu a wuya, shi ne ya gudo. 'Ya'yansa huɗu."

Na so ƙasa ta buɗe. Duk motar ta juyo. Wata mata mai goyo ta ce yayarta an yi mata irin wannan, ga ta can tana sayar da awara, bakinta ya fi na da. Wani ya ce a'a, shi maƙwabcinsa tun da aka yi masa sai raɗa yake. Matar ta ce raɗar ai a duniya yake yin ta. Wani dattijo a gaba ya ce tsoro ba laifi ba ne, amma a bar yaro ya yi shawara da zuciyarsa. Gwaggo ta ce zuciyar tasa ce ta ɗinka masa riga. Aka yi dariya. Direba ya leƙo ta taga, ya dube ni, ya dubi Gwaggo.

"Malam, sauka. Wallahi ba da motata ba. In kai ka, gobe tsohuwar nan ta zo ta tsine mini?"

Na sauka. Ba jarumta ce ta sauke ni ba, kunya ce. Muka tako a ƙasa har gida, tana tafe tana hutawa, ina riƙe da jakata kamar yaron da aka kamo daga gudun makaranta. A hanya na buɗe baki zan ba ta haƙuri.

"Adana muryar," in ji ta. "Ka bar bawan Allah a ƙarƙashin mota."

Aka yi aikin. Na farka na ga matata a gefen gado, idonta ya kumbura. Na buɗe baki in ce mata na tashi, sai iska ta fito. Na sake gwadawa. Iska. Likita ya ce in yi haƙuri, kada in tilasta, jijiyar ta wahala ne, sai a jira. Da na yi masa alama da hannu ina tambayar har yaushe, ya ce shi ma bai sani ba.

Aka sallame ni na koma ƙarƙashin darbejiya. Abin da aka cire an sake aika shi Kano. Jira biyu ke nan a kaina, na sakamako da na murya. Wannan zaman ya fi na farko nauyi. Matata tana zuwa tana komawa saboda yara. Masu kaya suna kiran wayata, in ɗauka in yi shiru, su yi ta zagi su kashe. Ƙaramin ɗana da aka kawo shi ya yi mini magana ban amsa ba, ya ɓuya a bayan uwarsa. Bayan wani lokaci na daina gwadawa ma. In an tambaye ni abu, in gyaɗa kai. Ma'aikaciyar jinyar nan maƙwabciya ta ce ya kamata yanzu in riƙa gwada 'yan kalmomi a hankali, na ƙi. Ina tsoron in buɗe baki in tabbatar.

A lokacin babu wani mai karatu a cikin baƙin gidan. Sai Gwaggo ta jawo kujerarta kusa da kaina, ta ajiye farantin gyaɗa, ta buɗe littafin direba a inda tsinke yake. Ta ɗora yatsa.

Karatun nan da na yi wa gori a gaban mutane, shi ta yi mini. Kalma, ta tsaya, ta haɗiye yawu, wata kalmar. In ta kai ƙarshen layi yatsan ya ɓata, ta koma nema. Shafi guda yakan cinye mata la'asar ɗin gaba ɗaya. Direba yana ƙarƙashin mota, ya kwance wani ƙarfe, mai ya zubo masa a fuska, ya aiki yaron motar neman ruwa. Aka kira magariba, ta sa tsinke.

Washegari ta buɗe. Direba yana ƙarƙashin mota, ya kwance ƙarfe, mai ya zubo masa a fuska. Na ɗago na dube ta, na ce a raina tsufa ne, ta manta. Na yi mata alama da hannu ta juya shafi. Ba ta kalle ni ba.

Rana ta gaba ma haka. Da wadda ta biyo. Mai ya yi ta zubo wa mutumin nan a fuska har na haddace shafin. Na san inda za ta yi tuntuɓe, na san inda za ta haɗiye yawu. Sauran baƙin suka fara zamewa suna fita zaure. Na kai hannu in juya shafin da kaina, ta buge hannun. Shanu suna can suna kuka, yaron mota ya tafi neman ruwa bai dawo ba, ni kuma ina kwance kamar gungume ina so in san ko ya dawo.

Wata la'asar ta buɗe, ta gyara zama, ta fara, "Di-re-ba ya shi-ga ƙar-ƙa-shin…"

"Gwaggo, mun wuce nan!"

Kamar an ja tsohuwar ƙofar langa-langa, haka ta fito. Ƙasa-ƙasa, a shaƙe, mummuna. Amma kowa a tsakar gidan ya ji. Matata tana bakin murhu, ludayi ya faɗi daga hannunta.

Gwaggo ba ta yi kabbara ba, ba ta yi guɗa ba. Ta cire yatsanta daga shafin, ta miƙo mini littafin.

"To karɓi. Ni ma na gaji da mutumin nan."

Ta jawo farantin gyaɗarta. Na ga ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Layi kaɗan na iya yi ran nan. Yaron motar ya dawo, ba da ruwa ba, da wata kaza. Daga baya sakamako ya iso daga Kano, aka ce ba daji ba ne. Na yi sujada a tsakar gidan. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, sa'annan ta ce in tashi daga hanya za a shanya wanki.

Muryar ba ta koma yadda take ba. Na daina jan sallah, don sahun baya ba sa ji na. A shago in keke yana aiki sai na tsayar da shi kafin in yi magana. In na yi doguwar hira sai in kwana maƙogwaro yana zafi. Amma da ita na yi wa 'yata addu'a ranar da ta tafi makarantar gaba, da ita nake raba faɗan yara, da ita nake ce wa masu kaya su dawo jibi.

Bayan na warke ban riƙa zuwa yadda ya kamata ba. Sai in zan ga likita nake biyawa, in gaisa a tsaye. Haƙurin da ta hana ni bayarwa a hanyar tasha, ban sake ɗauko shi ba, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Atamfar da ta kawo shagona ran nan tana nan a saman kanta, ban sa mata almakashi ba. Duk haɗuwarmu sai ta ce, "Babana, ɗinkina fa?" in ce sati mai zuwa, Gwaggo. Ta ce, "Allah Ya nuna mana satin nan naka."

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu. Saura mu na gida, da maƙwabciyar nan, da dattijon Kiyako da ya ƙi tafiya, da wasu mutum biyu da suka iso daga Gwaram da katin asibiti ba su san an yi rasuwa ba. Sun tsaya a zaure da ƙullin kayansu suna shirin juyawa, babban ɗan Gwaggo ya ce su shigo, tabarma tana inda take. Muka zauna a ƙarƙashin darbejiya. Ɗaya daga cikin baƙin, wani magidanci ramamme, ya kwanta ya juya mana baya. Na san wannan kwanciyar.

'Yar Gwaggo ta shiga ɗaki ta jawo kwallar. Ta ɗauko na sama, mai tsinken tsintsiya a tsakiya, na yarinyar da ke neman gonar ubanta. Ta duba fuskokinmu, ta miƙo mini.

Na ce ai ta san muryata.

"Marigayiya ce ta ce in ta tafi kai za a ba."

Na buɗe inda tsinken yake, na fara. Ban yi layi uku ba dattijon Kiyako ya sa hannu a bayan kunne.

"Ɗaga murya, tela!"

"Iyakarta ke nan, Baba."

Ya dube ni, ya dubi sauran. "To ku matso mana," in ji shi, ya ja buzunsa har gwiwarsa ta taɓa tawa. Aka yi ta jan tabarmi. Magidancin nan ma, da ya ji ba ya jin komai daga inda yake, ya juyo, ya tashi zaune, ya matso.

Ya Allah, baiwarKa ta sauki baƙi ba ta tambaye su me suka kawo ba. Ga ta nan ta zo maKa. Ka yi mata masauki, Ka yafe mata, mu ma Ka yafe mana.